Wa Ya Kashe 'Yar Kafulet?

Daren Lahadi suka fara haɗa ido. Washegari Litinin aka ɗaura musu aure a ɓoye. Rana ba ta faɗi ba ango ya kashe Tibalt, ɗan kawun amarya, Sarki ya kore shi daga gari. Daren Talata amarya ta sha wani magani da ya sandarar da ita, safiyar Laraba aka ɗauke ta zuwa kushewa, kuma mako bai zagayo ba ita da angon suka mutu da gaske. Abin da William Shekisfiya ya zuba ke nan a wasan kwaikwayonsa na Romiyo da Juliyet, wanda ya rubuta wajen 1595, aka fara buga shi a Landan a 1597. Gawa shida ake ƙirgawa kafin a tashi daga wasan: Markushiyo, Tibalt, Faris, Romiyo, Juliyet, da mahaifiyar Romiyo, wadda baƙin cikin korar ɗanta ya kashe, kuma ita ce kusan kowa ke mantawa da ita. Inda rai shida suka salwanta cikin 'yan kwanaki, dole a nemi mai laifi.

Amsa mafi sauƙi ita ce ƙaddara, kuma marubucin da kansa ya fara miƙo ta. Kafin kowa ya fito dandali, mai gabatarwa kan sanar da 'yan kallo cewa taurarin yaran nan ba su dace ba, mutuwa ce ƙarshensu. Daga nan tsautsayi ya yi ta bin tsautsayi. Baran gidan Kafulet da aka ba takardar gayyatar biki bai iya karatu ba, ya tari mutum a titi don ya karanta masa, mutumin kuwa Romiyo ne, ɗan gidan abokan gaba. Wasiƙar da za ta warware komai ta maƙale saboda annoba. Romiyo ya kurɓi guba 'yan mintoci kafin matarsa ta farka. Bahaushe zai ce ƙaddara ta riga fata, ya rufe littafi. To, amma imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙali zaman shari'a ba. In ka bi tsautsayin nan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kowanne ya yi ɓarna ne saboda wani ya riga ya share masa fage. Makarar wasiƙa ba ta kashe mutum uku, sai in an samu wanda ya rataya rayukansu a kanta.

Labarin ya girmi Shekisfiya nesa ba kusa ba. Masuccio Salernitano ya ba da irinsa a 1476, labarin na faruwa a garin Siyena, da wasu sunaye. Luigi da Porto ne wajen 1530 ya kai shi Berona, ya raɗa wa yaran sunayen da muka sani. Matteo Bandello ya sake zuba shi a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci a 1559, sannan wani matashi ɗan Ingila, Arthur Brooke, ya mai da shi doguwar waƙa a 1562. Waƙar nan ce Shekisfiya ya ajiye a gabansa yana aiki. Shi Brooke bai yi wata-wata ba wajen nuna mai laifi. A gabatarwarsa ya ɗora abin kacokan a kan yaran: sun bi sha'awa, sun yi fatali da maganar iyaye, sun kai sirrinsu wurin tsohuwa mashayiya da limamai masu camfi. Ɗan Furotesta ne mai rubutu a zamanin Sarauniya Elizabet ta ɗaya, lokacin da sukar limaman Katolika abin yayi ne. Hukuncin nasa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya bi muhawarar da aka sha a shekarun 1990 kan littattafan soyayya na Kano ya ji irinsa: yara sun kangare, masu zuga su sun yi yawa.

Shekisfiya ya kwashi labarin Brooke kusan kaf, amma ya sauya abu biyu, kuma dukansu sun taɓa maganar laifi. A waƙar Brooke al'amarin ya ɗauki wajen wata tara, ma'auratan har sun daɗe suna haɗuwa a ɓoye kafin a kashe Tibalt. Shekisfiya ya matse shi zuwa 'yan kwanaki a tsakiyar watan Yuli, ganiyar zafi, yadda babu wanda ya samu ya kwana da shawara. Sannan ya rage wa yarinyar shekaru. Wurin Bandello 18 take, wurin Brooke 16, shi kuwa ya sauko da ita 13, saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14. Bai faɗa sau ɗaya ya wuce ba. Uba ya faɗa, uwa ta faɗa, uwar goyonta ta kafa haƙoranta huɗu da suka rage a matsayin jingina. Akan ce ai a zamanin da haka ake aure. A gidajen sarautar Turai, wani lokaci, gaskiya ne. Amma talakawan Landan da ke biyan kwabo su kalli wasa a tsaye, matansu sukan haura shekara 20 da 'yan kai kafin su shiga ɗaki. Matar Shekisfiya, Anne Hathaway, tana da 26 lokacin da ya aure ta a 1582, 'yarsa Susanna kuma, haifaffiyar 1583, tana wajen 12 sa'ad da yake rubuta wasan. Ƙaramar yarinya yake so 'yan kallo su gani.

Duk da haka ya sa ta fi manyan nutsuwa. A lambu, daren farko, ita ce ta ce abin ya yi gaggawa da yawa. Ita ce ta ce in da gaskiya ya zo to maganar aure za a yi, in kuwa yaudara ce ya ƙyale ta. Yarinyar da ba ta fita ƙofar gida sai da izini, shi ma zuwa coci, ba na ganin akwai kaso mai nauyi da za a ɗora mata, kuma ba zan ɓata takarda wajen nemo shi ba.

Romiyo daban ne. Da safen Lahadi kuka yake a kan wata Rozalin, da dare ya manta sunanta. Wannan wauta ce ta samari, kuma wauta irin wannan ba ta kisa. Abin da ke wuyansa jini ne. A yi masa adalci: da Tibalt ya tare shi, sa'a guda bayan ɗaurin aure, ya ƙi zare takobi, ya haɗiye zagi. Abokinsa Markushiyo ne ya ga abin a matsayin ragwanci ya karɓi faɗan, Romiyo ya shiga raba su, Tibalt ya soki Markushiyo ta ƙarƙashin hannun mai rabon. Har nan hannun Romiyo wankakke ne. Amma jiya-jiyan nan Sarki ya yi shelar cewa duk wanda ya ƙara tayar da tarzoma a titi ransa zai biya. Wato Tibalt ya riga ya faɗa hannun doka. Da Romiyo ya daure na rabin sa'a, hukuma ce za ta yi masa aikin. Bai daure ba. A ƙarshe kuma ya ƙara da Faris, wanda ya zo bakin kushewa ne kawai don ya watsa furanni ga wadda yake zaton amaryarsa ce. Masu fim sun san wannan kisa yana ɓata musu jarumi. Franco Zeffirelli a 1968 da Baz Luhrmann a 1996 duk sun cire shi, shi ya sa mutane da yawa da suka san labarin ta fim ba su san Romiyo ya kashe mutum biyu ba.

Sai gaba, wadda ita ce amsar da malaman makaranta suka fi so. Gidan Montegu da gidan Kafulet ba sa ga maciji, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, daga farkon wasan har ƙarshensa babu wanda ya faɗi mafarinta. Ba a ambaci gona ba, ba sarauta, ba mace, ba wani tsohon jini. Sunayen ma ana ganin da Porto ya tsinto su ne daga Dante, wanda ya ambaci Montecchi da Cappelletti cikin ɓangarorin siyasar da suka yamutsa arewacin Italiya a ƙarni na 13, na biyun kuwa 'yan Kiremona ne, ba Berona ba. Dubi kuma su wa ke faɗan. A fitowa ta farko barori ne da zaman banza ya isa suke neman tsokana a titi. Da tsoho Kafulet ya fito da rigar barci yana neman a miƙo masa takobi, matarsa ce ta yi masa ba'a cewa sandar dogarawa ta fi dacewa da shi. Jim kaɗan ya gaya wa Faris cewa zaman lafiya ba zai yi wa tsofaffi irinsu wuya ba. A wurin biki kuwa, da Tibalt ya gane muryar Romiyo ya nemi makami, Kafulet ne ya tsawata masa, ya ce duk Berona ana yabon yaron nan da ladabi da kamun kai, ba za a wulaƙanta shi a gidansa ba. A riƙe wannan magana, za mu buƙace ta. Gabar garwashi ce da toka ta riga ta rufe, barori da Tibalt ne ke hura ta.

Sarki Eskalus na da nasa kason a nan, kuma ya amsa shi da bakinsa. Sau uku ana tarzoma a garinsa yana gargaɗi. Da aka zo ƙarshe ya ce kau da kan da ya yi ya ci masa 'yan'uwa biyu, don Markushiyo da Faris duk jininsa ne. Gaba da sakacin Sarki sun isa su bayyana mutuwar Markushiyo da Tibalt. Ba su isa su bayyana ta Juliyet ba. Ranar Litinin da dare Romiyo korarre ne, amma yana raye, matarsa na raye, Mantuwa kuma tafiyar kilomita kusan 40 ce daga Berona.

Abin da ya mai da kora ta zama mutuwa shi ne auren Faris, a nan ne mahaifin yarinya ya shigo. Mai karatun da ya tashi inda mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba zai ga abin mamaki a zaɓin Kafulet ba. Faris ɗan sarauta ne, mai dukiya, mai ladabi, kuma ta ƙofa ya biyo, ya nemi izinin uba. Da farko ma Kafulet ya nuna dattako: ya ce 'yarsa ta yi ƙanƙanta, a bari damina biyu su wuce, kuma Faris ya je ya nemi zuciyarta, don yardarsa tana bin tata. Ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'yan da ya haifa. Ranar Lahadi ke nan. Daren Litinin, gawar Tibalt ba ta huce ba, ya sa ranar Alhamis ba tare da ya tambaye ta ba. Zatonsa kukan da take yi na ɗan kawunta ne, kuma aure zai share mata hawaye.

Safiyar Talata ta ce ba ta so. Ta durƙusa ta roƙi ya saurare ta, kalma ɗaya tak. Ya hana ta. Ya zazzage ta, ya ce hannunsa na ƙaiƙayi, ya ce ko ta je coci ranar Alhamis ko kada ta ƙara duban fuskarsa, ta tafi bara, ta mutu a titi, ba ruwansa. Ta juya wurin uwa, uwa ta ce ta gama da ita. Laifin Kafulet a nan yake. Zaɓen miji abu ne da zamaninsa ya yardar masa. Toshe kunne a daidai lokacin da 'yarsa ke neman bakin magana, wannan nasa ne shi kaɗai. Da yamma kuma, da ta dawo ta yi masa biyayyar ƙarya, murna ta sa ya janyo bikin daga Alhamis zuwa Laraba, ya cinye kwana guda daga lokacin da wasiƙar Mantuwa ke buƙata.

Sai dai Kafulet ya yi duk wannan ne bai san 'yarsa matar aure ce ba. Akwai manya biyu da suka sani.

A nan sai an ɗan yi bayani, don a wurinmu auren da ba waliyyi, ba sadaki, ba shaidu, ba aure ba ne. A tsohuwar dokar cocin Katolika ba haka abin yake ba. Tun ƙarni na 12 aka tsayar cewa yardar mace da namiji ita ce ke ƙulla aure, ko iyaye sun sani ko ba su sani ba. Rikicin da auren ɓoye ya yi ta haifarwa ne ya sa babban taron coci na Tirent a 1563 ya wajabta limami da shaidu, amma ko a nan an ƙi mai da yardar iyaye sharaɗi. A Ingila kuwa sai a 1753 doka ta rushe irin wannan aure. Saboda haka a idon 'yan kallon Shekisfiya auren Juliyet ingantacce ne, ba ya kwantuwa, kuma abin da Kafulet ke shiryawa ranar Alhamis aure kan aure ne. Jimla ɗaya daga bakin wanda ya sani ta isa ta dakatar da shi.

Ta farkon masu sanin ita ce uwar goyo. Ita ta shayar da Juliyet, ita ta kai saƙo, ita ta ɗauko tsanin igiya da ango ya haura ɗakin amarya da shi. Ta ɗan sa baki lokacin da maigida ke zage-zage, ya daka mata tsawa ta yi shiru. Da suka rage su biyu, Juliyet ta nemi shawara, sai ta ce a manta da Romiyo, korarre da matacce duk ɗaya ne, Faris ya fi shi kyau ma. Mummunar shawara ce, kuma daga nan Juliyet ta daina gaya mata komai. Amma baranya ce. Abincinta da makwancinta suna hannun mutumin da za ta je ta gaya wa cewa ita ta yi kawalcin auren 'yarsa da ɗan abokin gaba. Tsoronta yana da dalili.

Na biyun shi ne Fada Lorans, limamin ɗariƙar Faransiskan, masanin tsirrai da magunguna, wanda gidajen biyu da Sarki duk suke girmamawa. A ganina, shi ne ya ɗauki kaso mafi nauyi, kuma abin mamaki shi ne yadda masu karatu ke saurin yafe masa don yana da taushin baki.

Asubahin Litinin Romiyo ya je masa da maganar aure. Ya yi masa ba'a kan Rozalin, ya yi masa wa'azi kan gaggawa, sannan a zama ɗaya ya amince. Dalilin kuma ya faɗe shi ƙarara: wataƙila auren nan ya sulhunta gidajen biyu. Wato ba son yaran ne ya gamsar da shi ba, don shi kansa bai yarda son ya nuna ba. Manufa ce ta gari, kyakkyawa, aka ɗora ta a kan yarinya 'yar 13. To, amma auren da babu wanda ya sani ba ya sulhunta kowa. Dabarar tasa ba ta da amfani sai ranar da aka fasa ƙwai, kuma shi ne zai fasa. Ya san haka, domin daren Litinin da yake sallamar Romiyo zuwa Mantuwa, ya ce masa ya zauna can har su samu lokacin da za su bayyana auren, su daidaita dangi, su nemo afuwar Sarki.

Lokacin ya zo washegari, har ɗakinsa. Faris ne ya shigo yana gaya masa cewa ranar Alhamis za a ɗaura, kuma shi Fada ne zai ɗaura. Abin da ya iya cewa kawai, lokaci ya yi kaɗan, kuma ba a ji ta bakin yarinya ba. Faris na fita Juliyet ta zaro wuƙa ta ce in babu mafita za ta kashe kanta. Dubi hanyoyin da ke gabansa a wannan sa'a. Zai iya zuwa wurin Kafulet, mutumin da ya yabi Romiyo da bakinsa shekaranjiya. In yana tsoron fushin tsohon, kuma akwai abin tsoro, zai iya zuwa wurin Sarki, wanda ya fi kowa neman sulhu, kuma ɗan'uwansa ake shirin jefawa cikin aure kan aure. Zai iya ɓoye ta a gidan mata masu ibada, abin da shi da kansa ya yi mata tayinsa daga baya, bayan an yi gawa biyu a kushewa. Zai iya sa a kai ta Mantuwa a daren. Duk ya tsallake, ya ɗauko kwalbar maganin da zai kwantar da ita sa'a 42 ba numfashi, a shimfiɗe ta a ɗakin gawarwakin kakanninta, kusa da Tibalt da aka ajiye jiya.

Me ya bambanta wannan hanya da sauran? Ita kaɗai ce sunan Fada ba ya fitowa a cikinta. A ce ma komai ya tafi daidai: Juliyet ta farka, Romiyo ya ɗauke ta sun tafi Mantuwa. Iyayenta na can suna makokin 'yar da ke raye, Romiyo na nan a korarrensa, gabar na nan inda take. Sulhun da aka ce don shi aka ɗaura auren ya bi ruwa. Abin da ya tsira kawai shi ne mutuncin limami. Ba zatona ba ne ni kaɗai. Shekisfiya ya sa wannan tunani a bakin Juliyet kanta: daren Talata, kwalba na hannunta, ta tambayi kanta ko guba ce Fada ya ba ta don kada asirinsa ya tonu, tunda shi ya riga ya ɗaura mata da Romiyo. Ta kore tunanin da cewa ai an san shi mutumin kirki ne. Ba guba ba ce. Amma yarinyar ta hango dalilin da manyan masu sharhi da yawa suka ƙi dubawa.

Safiyar Laraba ya zo gidan Kafulet tare da ango da makaɗa, yana tambaya ko amarya ta shirya, alhali ya san abin da za a tarar. Uwa na kururuwa, uba ya ruɗe, shi kuwa ya tsaya yana musu wa'azin haƙuri, har ya ce sama ta yi fushi da su ne saboda wani laifinsu. Wannan fitowa tana da wuyar kallo in ka tuna abin da mai wa'azin ya sani.

Sai wasiƙar da za ta sanar da Romiyo a Mantuwa cewa Juliyet ba ta mutu ba. Kofi ɗaya, manzo ɗaya. Ya ba wani ɗan ɗariƙarsu, Fada Jon, wanda ya tafi neman abokin tafiya kamar yadda suka saba, ya same shi wurin duba marasa lafiya, jami'an gari suka yi zargin annoba a gidan suka rufe su ciki. 'Yan kallon Landan ba su ga wannan a matsayin abin al'ajabi ba. Annoba ta rufe musu gidajen wasa kusan gaba ɗaya daga 1592 zuwa 1594, kuma sun saba ganin gidan da aka garƙame da mutanensa a ciki. Abu ne da mai hankali zai yi tsammani. Sai da wasiƙar ta dawo hannunsa sannan Fada Lorans yake bayyana wa manzon irin nauyinta. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Daren Litinin ya yi wa Romiyo alkawarin cewa duk labarin da ya taso, ta hannun yaronsa Baltasar zai aiko. Bai gaya wa Baltasar komai ba. Yaron ya ga an kai uwargijiyarsa kushewa da idonsa, ya hau doki ya kai labari. Sau biyu Romiyo na tambayarsa ko Fada ya ba shi takarda.

A kushewa kuma ya yi abin da ba ya yafuwa. Ya iso ya tarar da gawar Faris da ta Romiyo, Juliyet ta buɗe ido tana tambayar mijinta. Ya gaya mata. Sai ya ji motsin masu gadi. Ya ce ta taso su tafi, ta ƙi, ya ce shi ba zai iya tsayawa ba, ya fice. Yarinyar da ya san ta taɓa zaro wuƙa a gabansa, ya bar ta ita kaɗai da gawar mijinta da wuƙar mijinta. Masu gadi sun kama shi a harabar coci yana makyarkyata.

Masu kare shi suna da abin faɗa, kuma ba na raina shi. Niyyarsa alheri ce. Ranar Talata wuƙa na gabansa, dole ya ba da amsa nan take. Da aka gurfanar da shi bai ɓoye komai ba, ya zayyana abin daga farko, ya ce in laifinsa ne a ɗauki ransa. Gaskiya ne. Sai dai wannan bayani da ya yi a gaban Sarki da iyaye, a bakin kushewa, shi ne dai bayanin da ya ƙi yi ranar Talata, a gaban mutanen nan, lokacin da kowa ke raye. Kuma me ya biyo baya? Kafulet ya miƙa wa Montegu hannu nan take, ya kira shi ɗan'uwa. Za a ce mutuwa ce ta tausasa su, wataƙila da rai ba za su yi ba. Mai yiwuwa. Babu wanda ya gwada su.

Da ya gama, Sarki ya ce masa sun daɗe da saninsa mutumin Allah ne, aka wuce zuwa shaida na gaba. Iyayen suka shiga gasar wanda zai fi ƙera mutum-mutumin zinariya, Montegu na Juliyet, Kafulet na Romiyo. Sarki ya rufe taro da cewa za a yafe wa wasu a hukunta wasu, bai kama suna ba.

Brooke ya kama sunaye, kuma rabon da ya yi yana da ban sha'awa ga mutumin da ya buɗe littafinsa da zagin limamai. Mai haɗa magani na Mantuwa da ya sayar wa Romiyo guba, wanda Shekisfiya ya zana shi yunwa ta cinye kumatunsa, ya karɓi tsabar zinariya 40 yana cewa talauci ne ya amince ba shi ba, a waƙar Brooke rataye shi aka yi. Uwar goyo aka kore ta daga gari don ta ɓoye wa iyaye auren. Fada Lorans, wanda ya ɗaura auren, ya ɓoye shi, ya haɗa maganin, aka sallame shi saboda hidimar da ya taɓa yi wa gari. Da kansa ya zaɓi ya koma wani keɓaɓɓen wurin ibada a bayan Berona, ya yi shekara biyar a can kafin ajali ya same shi.